Babbar jif tana kwantawa a kwana, tana layi a kan titi: daga ina ake fara gyara?

Baban_Khalil:
Assalamu alaikum, masana. Tambayata a kan babbar jif ce mai layi uku na kujeru, irin wadda bodinta ke zaune a kan shasi. A gaba kowace taya da nata am da sifirin, a baya kuma aksil guda ne da naɗaɗɗen sifirin. Ta ci kilomita 165,000, ba a taɓa ɗaga ta ba, shok ɗin kamfani ne a jikinta har yanzu. Matsala biyu ce. A kwana tana kwantawa sosai, har na kujerar baya sai ya riƙe ƙofa. A miƙaƙƙen titi kuma, in ta haura 100 ko babbar mota ta wuce ta, sai ta riƙa layi, ana ta gyara sitiyari ba hutawa. An ba ni shawarar in sa sandar sitabilaiza mai kauri a baya, wato sandar ƙarfen da ke haɗa hagu da dama don rage kwanciyar bodi. Wannan zai magance duka biyun, ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa?

Mai_Sifana:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayi komai tukuna. Sandar kamfani tana iya kasancewa lafiya lau, amma in linkeji ɗaya, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe bakin sandar, ya tsinke ko ya kwance, wannan aksil ɗin ba shi da sanda ke nan, don ba ta da abin da za ta murɗa a kansa.

A hau da motar kan rami, ko lif mai ɗaukarta ta tayoyi, yadda nauyinta zai zauna a kansu. In aka ɗaga gefe ɗaya da jak, sandar tana murɗewa ta ɗaure linkejin tam, sai lalatacce ya yi kama da lafiyayye. Kama kowane linkeji ka girgiza, sannan ka sa liba ka banƙara. Ko ɗan ƙwas-ƙwas ka ji, a canza. Duba robar da ta rufe kansa: in ta yage, ƙasa ta riga ta shiga. Sai bushin biyu da suka riƙe sandar a jikin shasi. In wurin zaman sandar ya yi sheƙi, ko ramin robar ya buɗe har kana hango haske ta gefe, sun gama aiki. Wasan milimita 2 ko 3 a nan ya isa bodi ya fara kwanciya kafin sandar ta kama.

Injiniya_Rabi:
Maganar Mai_Sifana daidai ce, sai dai a raba ciwon gida biyu, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Kwanciya a kwana tana zuwa ne daga tsayin cibiyar nauyin motar da taushin abin da ke tare bodi, wato sifirin da sanda. Layi a miƙaƙƙen titi kuwa yawanci alama ce ta cewa tayoyi ba sa tsayawa inda aka saita su.

A motar da ke da aksil guda a baya, abin da ke hana aksil ɗin zamewa hagu da dama shi ne sandar Panhard, wadda ta gitta daga shasi zuwa aksil. Bushin biyu kacal gare ta. In sun yi laushi, bodi zai fara gocewa gefe, aksil ya biyo daga baya, direba ya ji kamar wani ne ke tuƙa bayan motar. Haka ma bushin dogayen am ɗin da ke riƙe aksil gaba da baya: in na gefe ɗaya ya mutu, aksil ɗin yana ɗan juyawa duk lokacin da aka taka totur ko aka saki. Gwajin mai sauƙi ne. Mutum biyu su tura bayan motar gefe da gefe tana tsaye, na uku ya kwanta da tocila yana kallon bushin. A gaba kuma a duba tayrod, bol-joyin, bushin lowa am, robar da ta riƙe rak ɗin sitiyari, da boris. Sanda mai kauri ba za ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

GejinTaya:
Kafin a shiga rami ma, nawa ne iskar tayoyin? A auna da safe kafin motar ta motsa, a bi lambar da ke kan takardar jikin ƙofar direba, ba wadda ke jikin taya ba. Ta jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Mota mai tan biyu da rabi a kan taya mai dogon gefe, in iska ta ragu da psi 5 ko 6 (psi shi ne ma'aunin iskar taya), gefen tayar yana lanƙwasawa kafin sifirin ya fara aiki, kuma direba ba zai iya bambance wannan da kwanciyar bodi ba. Bambancin psi 3 tsakanin hagu da dama ma yana kawo ja. Iska tana sauyawa da kusan psi 1 a duk digiri 5 ko 6 na zafi, shi ya sa awon bayan doguwar tafiya ba abin dogaro ba ne.

A kuma duba lambar nauyi. Tayar ƙaramar mota, wadda girmanta ke farawa da P, in aka sa ta a jif ana raba ƙarfinta da 1.1. Mai lamba 116 tana ɗaukar kilo 1,250 a rubuce, amma a jif kilo 1,136 za ka lissafa mata.

DanJif:
To ai magana ta ƙare. A sa tayar LT, irin ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, mai harafin nauyi E, a ɗura mata psi 80, layi ya tafi.

GejinTaya:
A'a, ɗan'uwa. 80 iyakarta ce lokacin da take ɗauke da cikakken nauyin da aka yi ta dominsa, kamar yadda C take galibi 50, D kuma 65. In ka sa 80 a jif da ba kaya, tsakiyar taya kaɗai zai taɓa ƙasa, birki ya yi tsawo, motar ta riƙa tsalle a kan kowace gargada. Gaskiya ne LT tana da gefe mai tauri, kuma tana rage wannan lilo. Amma tana buƙatar iska fiye da P kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, don haka lambar jikin ƙofa ba ta aiki a kanta. Ana duba jadawalin nauyi da iska na kamfanin tayar ne a fitar da sabuwar lamba. Ga jif da ba ta jan tirela, C ta wadatar, kuma ta fi E sauƙin nauyi.

Tsohon_Direba:
Kada a raina zancen iskar nan. A Agustan 2000 kamfanin taya Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, akasarinsu a jikin Ford Explorer, bayan fatar taya ta riƙa ɓallewa motoci suna kifewa. Ɗaya daga cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi jayayya a kai shi ne iska: Ford ta rubuta 26, Firestone ta ce 30 ya dace. Doguwar mota ba ta yafe taya mai ƙarancin iska.

Sarkin_Shok:
Shok ɗin kamfani a 165,000? Ni a nan zan sa ido. Galibi ana ba da shawarar a fara duba su tun daga 80,000. Kuma a bar gwajin danna mota da hannu a saki, ba ya nuna komai a mota mai wannan nauyi. Ga abin da ake dubawa: mai yana gangarowa a jikin shok (ɗan dausayi a sama ba laifi ba ne, jiƙewa har ƙasa ita ce matsala), fatar taya ta ci rami-rami a zagaye, robar tsayawa ta sama da aksil ta yi sheƙi saboda yawan bugu, motar tana yin sama da ƙasa fiye da sau ɗaya bayan ta sauka daga tudu. Shok yana iya mutuwa ba tare da ya zubar da ɗigo ɗaya ba, bawul ɗin ciki ne ke gajiya.

In za a canza, a canza biyu-biyu a aksil ɗaya, kuma gara duka huɗun. A nemi mai bututu guda da gas, wanda aka yi wa bawul mai tauri a motsi na hankali, mai sassauci a bugu na kwatsam. Motsin kwanciyar bodi na hankali ne, faɗawa rami kuma na kwatsam, shi ya sa wannan tsarin ya dace da jif. A wajen kamfanin shok na Bilstein misali, 4600 na motar da ke tsayinta na asali ne, 5100 na wadda aka ɗaga.

Abu_Yasmin:
Ke nan shok mai ƙarfi kaɗai zai rage kwanciyar ba sai an taɓa sanda ba?

Injiniya_Rabi:
Malam Abu_Yasmin, zai rage saurin kwanciyar, ba iyakarta ba. Shok yana turjiya ne kawai lokacin da yake motsi. A doguwar kwana da aka riƙe sitiyari wuri ɗaya, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu bodi zai kai inda sifirin da sanda suka ƙyale shi, ko wane irin shok ne a jiki. Inda shok yake da muhimmanci shi ne canza layi da gaggawa, ko kwana biyu a jere, hagu sannan dama. Mataccen shok yana barin bodi ya faɗa gefe da ƙarfi, ya wuce iyaka, ya dawo ya wulla ɗaya gefen. Wannan lilon kamar na kwalekwale shi ne mafi yawan mutane ke kira kwanciya, kuma shi ne ya fi haɗari.

Malam_Lissafi:
Tunda an zo kan sanda, ga lissafinta. Ƙarfin murɗarta yana bin kaurinta ne sau huɗu a ninke, wato kauri sau kauri sau kauri sau kauri. Daga milimita 25 zuwa 28 a ido ba wani abu ba ne, amma ƙarin ƙarfin kashi 57 cikin 100 ne. Daga 25 zuwa 30 ya ɗan haura ninki biyu. Don haka a auna ta jikin motar da ma'aunin baniya, a wurin da ba tsatsa, kafin a yi oda.

Akwai kuma mai rami a ciki. Mai kaurin 32 da bango milimita 5 daidai take da cikakkiya mai 30, sai dai ta fi ta sauƙin nauyi. Wanda ya kwatanta su da kaurin waje kaɗai zai yi kuskure. Tsawon hannun sanda ma yana da tasiri: masu ramuka biyu ko uku a baki, ramin da ya fi kusa da jikin sanda shi ne mai tauri. Rage hannu daga milimita 250 zuwa 225 yana ƙara kusan kashi 23.

Abu ɗaya da masu talla ba sa faɗa: ƙarin kashi 57 a sanda ba ragin kashi 57 a kwanciya ba ne. Sandar baya ɗaya ce cikin abubuwa huɗu masu tare bodi, tare da ta gaba da sifirin gaba da na baya.

DanJif:
Shi ya sa na ce a sa mafi kauri a baya kawai. Baya ne ke lilo, gaba ai akwai nauyin inji yana danne shi.

Injiniya_Rabi:
Wannan ita ce shawarar da ba zan taɓa ba mai doguwar mota ba. Aksil ɗin da ka fi taurara shi ke ɗaukar kaso mafi girma na nauyin da ke komawa tayoyin waje, kuma shi ke fara rasa riƙo. Taurara gaba, motar ta tura hanci waje in an matsa mata, direba ya saki totur ta dawo hanya. Taurara baya fiye da kima, bayan ne zai zame, musamman in an saki totur ko an taka birki a tsakiyar kwana, ko titi ya jiƙe. Jif da ta juya gefe tana zamewa, taya ta daki dakali ko ta nutse a ƙasa mai laushi, daga nan sai kifewa. Kamfanoni da gangan suke sa gaba ya fi baya tauri.

A Afrilun 2010 mujallar Amurka mai gwada kayayyaki, Consumer Reports, ta gargaɗi masu saye a kan Lexus GX 460 saboda bayanta ya zame sosai a gwajin sakin totur cikin kwana kafin kwamfutar daidaita mota ta shiga. Toyota ta dakatar da sayarwa ta sake manhajar. Kwamfutar nan an saita ta ne a kan sandunan asali. In za a ƙara, a ƙara gaba da baya tare, daga kamfani ɗaya da ya haɗa su don wannan motar.

Sarkin_Shok:
Hajiya, ban ƙi ba, amma akwai manyan jif da kamfani ya yi wa baya laushi ƙwarai don jin daɗin fasinja, wasu ma ba sandar baya ko kaɗan. A aksil guda, sifirin suna zaune can ciki kusa da shasi, ba kusa da taya ba, kuma turjiyarsu ga kwanciya tana bin tazarar da ke tsakaninsu ne a ninke. Shi ya sa bayan irin wannan motar ke da rauni. Ƙarin milimita 2 ko 3 a baya, a ramin da ya fi laushi, ba ya mayar da ita mai zamewa, musamman wadda kullum take cike da mutane.

Ummu_Hanan:
Don Allah ku fayyace mana, mu masu ɗaukar yara a irin waɗannan motoci: in an sa sandar, motar ta rage haɗarin kifewa ke nan?

Malam_Lissafi:
Hajiya, kaɗan ƙwarai. Jimillar nauyin da ke komawa tayoyin waje a kwana ya dogara ne da nauyin mota, tsayin cibiyar nauyinta, da faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama. Sanda ba ta canza ko ɗaya. NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, tana amfani da wani awo mai sauƙi: faɗin tsakanin tayoyi a raba da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. Ƙananan motoci kan faɗo tsakanin 1.3 da 1.5, jif kuma galibi tsakanin 1.0 da 1.3.

Mu ɗauki misali: mota mai kilo 2,600, faɗi mita 1.65, cibiyar nauyi mita 0.75 daga ƙasa. Awonta 1.10. Ɗora kilo 100 a rufi, a tsayin mita 2. Cibiyar nauyi ta koma kusan 0.80, awon ya sauko 1.04. Wato kaya kilo 100 a sama sun yi kusan abin da ɗaga motar gaba ɗaya da santimita 5 zai yi. Rufin jif da yawa ma iyakarsa kilo 75 zuwa 100 ne a tafiya, har da nauyin keriyar kanta.

Amfanin sanda shi ne tayoyin gaba suna tsayawa a miƙe a kan kwalta, motar tana amsa sitiyari da wuri, fasinja suna samun sauƙi. Illarta kuma, kwanciyar da ke gargaɗin direba ya rage gudu ta ragu, alhali iyakar motar tana nan kusan inda take.

Oga_Alaimen:
Wani zai karanta lissafin nan ya ce to a sa sifesa a faɗaɗa tayoyi. Milimita 25 kowane gefe zai kai awon misalin Malam 1.13, ribar ke nan. Kuɗin da za a biya: boris da bol-joyin suna ɗaukar ƙarin lodi, sitiyari yana fizga in taya ɗaya ta faɗa rami, taya tana iya gugar fenda. Wanda ya dage, ya sa mai zama daidai a kan hob, ya ɗaure da sifana mai awo, ya sake dubawa bayan kilomita 100.

Amma in koma kan layin da Alhaji ya ce tana yi. A karɓi takardar alaimen a karanta, kada a tsaya a "an yi". Kasta ita ce ke mayar da sitiyari tsakiya ta riƙe mota a miƙe. In ta yi ƙasa, ko ta bambanta da fiye da rabin digiri tsakanin hagu da dama, sai yawo da ja. Tayoyin gaba da bakinsu ya buɗe waje ko kaɗan su ma suna bin kowane kwari na titi. Kuma ba a yin alaimen a kan mataccen bushi, lambobin za su gudu da zarar an sauko daga na'ura.

Mai_Sifana:
Alhaji, tambaya kafin a ci gaba: akwai silinda ko tiyon mai a jikin sandunan, ko waya a kan shok? Wasu manyan jif ba sanda ce zalla ba. Toyota tana da KDSS, wanda ya fara a Lexus GX 470 ta 2004, yana kuma cikin wasu Land Cruiser 200 da Prado 150: sanduna masu kauri da silindar haidirolik da ke riƙe su a kwana, ta sake su a gargada. Irin wannan ba a musanya mata sanda, ba a kuma kwance tiyo, don man yana cikin matsi mai yawa. In ta karkata gefe ɗaya, akwai bawul biyu da ake sassautawa zagaye 2 zuwa 3 a wuri mai daidai, ba a cire su. Nissan Patrol Y62 mai tsarin haidirolik na HBMC ba ta da sanda ma sam, shok ɗin ne aka haɗa da tiyo. Wasu Chevrolet Tahoe da Suburban kuma shok ɗin baya na iska ne, yana taimaka wa sifirin mai laushi ɗaukar kaya. In ka sa shok na gama-gari ba ka canza sifirin ba, baya zai zauna, lilo ya ƙaru.

Baban_Khalil:
Allah ya saka da alheri. Ba tiyo, ba waya, sanda ce zalla. Ga abin da aka gani a rami: linkejin baya na hagu robarsa ta yage, yana motsi da hannu. Bushin sandar gaba duka biyu sun buɗe. Bushin Panhard na wajen shasi ya tsattsage. Shok ɗin baya na dama ya jiƙe har ƙasa. Iska 28 a baya, takardar ƙofa ta ce 33. An auna daga tsakiyar wil zuwa bakin fenda, bayan hagu ya fi na dama zama da milimita 18. Sandar baya 25 ce. In haɗa da sabuwar sanda a yi aikin gaba ɗaya?

Mai_Sifana:
A ganina a'a, ranka ya daɗe. In ka canza komai rana ɗaya ba za ka san me ya yi me ba. A fara da iska, linkeji, bushi, shok huɗu, sifirin baya biyu, sannan alaimen. Milimita 18 ya yi yawa, amma a sake aunawa bayan an kwance linkeji, don lanƙwasasshen linkeji ko murɗaɗɗiyar sanda na iya jan gefe ɗaya ƙasa. A kuma auna a shimfiɗaɗɗen wuri, ba kaya a ciki.

Wajen ɗauri, duk bushin roba da ke cikin am ko Panhard ana ɗaure shi na ƙarshe ne bayan motar ta sauka a kan tayoyinta. In aka ɗaure tayoyi na reto, robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin 'yan watanni. Linkeji kuma a sa shi tayoyin biyu suna tsayi ɗaya, ya shiga ramin sanda ba tare da an banƙara ba. A riƙe bol ɗin kan linkejin da makulli yayin ɗaure noti, kada a bar shi yana juyawa da bindigar iska. A goge tsatsar wurin zaman bushi da sanfefa. Kada a shafa wa roba girisin inji, yana kumbura ta. In sanda ta sauka, a yi mata alama da fenti, don ana iya mayar da ita a kife ta riƙa dukan salansa ko tiyon birki. Kada a manta da robobin da ke tsakanin bodi da shasi, su ma suna zama.

Abu_Yasmin:
Tunda za a canza bushi, me zai hana a sa na foli, wato polyurethane mai tauri fiye da roba, gaba ɗaya? Ba ya lanƙwasawa.

Oga_Alaimen:
A sandar sitabilaiza, foli ya dace: sandar tana kamawa nan take. Sai dai yana son girisin silikon mai danƙo, in ya bushe sai ƙara. A am ɗin aksil baya kuwa ni roba zan bari. Am ɗin nan dole su ɗan murɗe in taya ɗaya ta hau tudu. Foli mai tauri yana hana wannan, ƙarfin ya koma kan biraket, walda ta fara tsagewa. Panhard tsaka-tsaki ce, ana yin duka biyun.

Tsohon_Direba:
Ba a yi maganar abin da sanda mai kauri ke yi a hanya mara kyau ba. Tana haɗa hagu da dama, don haka ramin da taya ɗaya ta faɗa yana girgiza bodi duka, kawunan fasinja su riƙa kaɗawa gefe da gefe. A tudu da kwari kuma taya ɗaya tana tashi daga ƙasa da wuri. Wannan ne ya sa Jeep Wrangler Rubicon ke da maɓallin sakin sandar gaba. Wanda rabin tafiyarsa ba kwalta, ya yi tunani kafin ya ninka ƙarfinta.

Ummu_Hanan:
Ina batun balan-balan ɗin iska da ake sawa a cikin sifirin baya? An ce yana taimakawa in mota ta cika.

Sarkin_Shok:
Yana taimakawa, Hajiya, don yana mayar da baya tsayinsa, gaba ya daina yin sauƙi. Irin Air Lift 1000 ana tafiyar da shi tsakanin psi 5 da 35, kuma ba a barinsa ƙasa da 5 ko ba kaya, don sifirin zai cije shi. Babban kuskure shi ne haɗa biyun da tiyo guda. A kwana, iskar gefen da aka danne sai ta gudu zuwa ɗaya gefen, ba wata turjiya ga kwanciya. Kowanne da tiyonsa da bakin ɗurinsa, a nesa da salansa. Kuma ba ya ƙara nauyin da aka halatta wa motar, lambar jikin ƙofa tana nan yadda take. Kaya masu nauyi a ƙasa, a gaban aksil baya in zai yiwu. Tankin ruwa a cika shi ko a juye shi, rabi shi ne mai tunkuɗa mota.

GejinTaya:
In akwai mai jan tirela a cikinmu, layinsa daban ne: nauyin da ke kan maƙalar ya zama kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirelar. Ƙasa da haka ita za ta riƙa kaɗa motar. In ta fara, a riƙe sitiyari a miƙe a saki totur a hankali, ba a taka birkin mota da ƙarfi.

DanJif:
Duk na ji, amma bayan an gama wannan gyaran jif za ta ci gaba da kwanciya, don haka aka ƙera ta. Sandar 28 dai za a dawo a saya.

Injiniya_Rabi:
Mai yiwuwa. Amma a auna kafin a yanke hukunci. Bayan gyara, a sami fili babu kowa, a zana da'ira, a zaga da gudu ɗaya, misali 30, wani ya ɗauki hoto daga waje a wuri ɗaya. Manhajar awon karkata ta waya ba ta aiki a cikin mota mai kwana, don tana haɗa karkata da tunkuɗar kwanar. In an sa sabuwar sanda sai a maimaita, a fara da ramin da ya fi laushi.

Baban_Khalil:
An yi odar linkeji, bushi, shok da sifirin. Oga_Alaimen, sifirin sababbi suna buƙatar su zauna kafin alaimen, ko a yi ranar da aka sa su? Kuma Sarkin_Shok, in daga baya na ga har yanzu tana buƙata, 27 a baya kaɗai ko in jira har in samu na gaba da baya tare?